Yadda Za Ka Yaudari Sabuwar Ƙararrawar da 'Yarka Ta Rataya Maka a Wuya

Kai dattijo, matso kusa. Idan kana zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin kai kaɗai, gwiwa ta fara yi maka gardama, 'ya'ya kuma sun fara kallonka kamar kofin tangaran a bakin tebur, to wannan darasi naka ne. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, tabbas za ka rufe bakin sabuwar na'urar neman agaji, ka ci gaba da harkarka ba mai sa maka ido. Ba a taɓa bin su daidai an ji kunya ba. Gaskiya dai sau ɗaya aka taɓa gwada su, wanda ya gwada kuwa shi ne Alhaji Ghali mai shagon makullai a ginin Tianxiu, don haka da shi za mu riƙa buga misali.

1. Ka fara sanin abin da ka rasa

Tsohuwar ƙararrawar gidan Alhaji farin akwati ce mai jan maɓalli, an jona ta da wayar tarho ta jikin bango. In ka danna, ta kira masu agaji na unguwa. In ba ka danna ba, ta yi shiru abinta. Alhaji ya lulluɓe ta da ƙyalle, ya ɗora kwanon dabino a kai, suka zauna lafiya shekara da shekaru.

Ranar da santsi ya kwashe shi a banɗaki bara, ya daɗe a kwance yana nazarin silin, akwatin nan bai gaya wa kowa ba. Irin wannan ake kira aboki. Ɗingishi ne ya tona masa asiri. 'Yarsa Radiyya, wadda take aure a can ɗaya gefen birnin, ta zo ta ga tafiyar tasa, ta ajiye jaka ta ce, "Baba, wallahi ka sake faɗuwa, tikitin Kano zan yankar maka."

Kano gida ce, ba wanda ya ce a'a. Amma Alhaji ya haura shekara ashirin a shagon nan, kuma ya san abin da ke jiransa a gida: kujera a ƙofar gida da ɗaurin auren mutanen da bai sani ba. Tsoron kujerar nan yake yi har cikin ransa.

Sai kuma kamfanin agajin ya ce za a daina aiki da tsofaffin wayoyin bango, duk wani farin akwati ya tashi aiki.

2. Karɓi sabuwar da fara'a

Kada ka yi musu. Musu alamar tsufa ce, kuma ana lura da kai.

Sabuwar ba ta fi kwalin ashana ba. Layin waya ne a cikinta, a wuya ake rataya ta. Ta san inda kake. In ka faɗi ba ta jiran ka danna komai, da kanta take kiran masu agaji, sannan ta aika saƙo wayar 'yarka. Ma'aikaciyar da ta kawo ta tana bayani, Radiyya tana fassarawa, Alhaji yana ta gyaɗa kai.

"Kai, madalla da zamani," in ji shi. "Shiye-shiye, shiye-shiye."

Yi godiya da Sinanci kamar yadda ya yi, ka raka su har bakin lif. Bayan sun tafi sai ka raɗa mata suna, don ba a yaƙi da abin da ba shi da suna. Alhaji ya sa wa tasa Magulmaciya.

3. Kada ka ta da sallah da ita a wuya

Wannan matakin Alhaji ne ya gano mana shi, da jikinsa.

Sallar La'asar ce. Saboda gwiwar nan, Alhaji ba ya sauka sujada a hankali, sakin jiki yake yi gaba ɗaya. Yana kai goshi ƙasa Magulmaciya ta yi ƙara, sai ga muryar wata mata daga ƙirjinsa tana tambaya da Sinanci ko lafiya. Mai sallah ba ya magana. Ta sake tambaya da Turanci. Alhaji ya ɗaga murya da kabbara don ta gane halin da ake ciki, ita kuwa ta ɗauka nishi yake yi.

Ofishin masu agajin a bakin layinsu yake. Kafin ya gama tahiya, samari biyu suna dukan ƙofa riƙe da gadon ɗaukar marasa lafiya, maigadin gini yana bayansu, wayar Alhaji kuma tana ta ruri a kan kujera. Ya yi sallama dama, ya yi hagu, ya ɗauka.

"Baba! Faɗuwa ka yi?"

"Sujada na yi, Radiyya. Ko ita ma yanzu sai an nemi izinin kamfani?"

Ta yi dariya, amma dariyar tana rawa. Kada ka kula da rawar. Masu kula da irin wannan ba sa gama darasi.

4. Kada ka ajiye ta wuri ɗaya

Za ka ce ai sai a rataye ta a ƙusa. Kuskure. In ta daɗe ba ta ji motsi ba, ɗauka take ka suma. Alhaji ya yi dabara ya ɗaure ta a kan fanka mai juya kai, ya tafi shago abinsa. Da azahar Radiyya ta bugo.

"Baba, wayata ta nuna tun safe kake wuri ɗaya kana juyawa dama da hagu."

"Wuridi nake yi."

"Tun safe?"

"Mai tsawo ne."

Amsa ce mai kyau, amma sau ɗaya take aiki.

5. Nemo mata wani wuyan, amma ba na Isufu ba

Na'urar wuya take so, ba ta damu da ko na wane ne ba. Sai dai ka zaɓa da hankali. Alhaji ya fara da maƙwabcin shagonsa Isufu, mutumin Maraɗi mai sarin wandunan jins.

"Bon, Elhaji, ba komi," in ji Isufu, ya zura ta cikin riga. "Ni da kai ai ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Isufu bai kai arba'in ba, kuma ranar nan Xintang ya nufa, garin masu ɗinka jins, inda ya yini yana bin motar kaya da gudu. Radiyya ta bugo tana tambayar abin da ya kai mahaifinta Xintang, kuma me ya biyo shi. Alhaji ya ce ai na'urorin zamani haka suke, wani lokaci sukan yi mafarki. Ta ce za ta kai ƙarar kamfanin.

6. Samo tsoho ɗan'uwanka

A gida, ƙofar da ke kallon ta Alhaji ta Malam Liang ce, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a wani gari mai nisa. Shi da Alhaji ba su haɗa kalma ashirin da suka sani tare ba, amma kusan kullum sai sun sha shayi, kowa yana ba da labari da yarensa, ɗayan yana gyaɗa kai a inda ya dace. Shi ma an ɗauke masa farin akwatinsa, kuma ya ƙi zuwa karɓar sabuwa. In Alhaji ya nuna masa wuya yana tambaya, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo, meyo," wato babu, kuma ba a bukata.

Alhaji ya yi masa bayani da hannu: ga na'ura, ga 'ya, ga jirgin sama, fiiiu, Kano. Malam Liang ya gane sarai. Ya yi dariya har da buga cinya, ya miƙo wuya.

Nan fa aiki ya yi kyau. Kullum da safe Malam Liang yana zuwa lambun unguwa ya yi motsa jikin nan nasu na a hankali, ya biya kasuwa ya sayi ganye, ya dawo ya kwanta. Duk abin da likita ya ce Alhaji ya yi, Malam Liang yana yi masa. Radiyya har hoton wayarta ta tura wa 'yan'uwa a Kano, ta rubuta, "Ku ga Baba ya gyaru." Shi kuwa Baba yana shago a kan tsani, yana sauko da kwalayen kwaɗo, ga shayi mai sukari cokali uku yana jiransa a ƙasa.

In ka kai nan, ka ci nasara. Saura mataki ɗaya, kuma shi ne mafi sauƙi.

7. In waya ta yi ƙara, ka ce kuskure ne

Wata Laraba da yamma Alhaji yana kan tsanin nan wayarsa ta yi ƙara. Radiyya ce. Da ƙyar ya gane muryarta, ga ƙarar motoci a bayanta.

"Baba! Baba, kai ne? Sun ce ka faɗi, suna ƙofarka suna bugawa ba ka buɗe ba. Ina tasi, ga ni nan. Baba, yi magana!"

To, dattijo, buɗe kunnenka. Amsar da darasi ya tanada gajeriya ce: "Sujada ce, ki ce su koma." Kalma shida kacal. Masu agaji su naɗe gadonsu, Radiyya ta juya gida, shago ya zauna, kujerar Kano ta ci gaba da jira.

Alhaji ya san amsar, har ta zo masa baki. Amma ya san wuyan da na'urar take, ya kuma san Malam Liang ba ya sujada. Sai ya tuna silin banɗakinsa, da sanyin tayil a bayansa, da yadda ya kwanta yana sauraron mutane suna wucewa a waje ba wanda ya san yana nan.

"Radiyya, ba ni ba ne. Ina shago. Ƙofar da ke kallon tawa ce. Ki ce su fasa ta, yanzu."

Suka fasa. Makullin ƙofar kuwa Alhaji ne ya ba Malam Liang kyauta, irin wanda yake rantse wa 'yan sari cewa ko giwa ba ta ɓalla shi. Duka ɗaya aka yi masa ya ɓalle. Suka sami tsohon a ƙasan kicin, ƙugu ya tsage, ya kasa ko jan jiki zuwa waya, Magulmaciya tana ta yi masa magana a ƙirji.

A nan ne Alhaji Ghali ya faɗi jarrabawa, kuma ba mu ba ka shawarar ka yi koyi da shi ba.

A asibiti ya tarar da Radiyya zaune a kan benci. Mayafinta a bai-bai yake, ƙafarta ɗaya da takalmi, ɗayar babu, ta bar shi a matakalar gidanta ko a tasi, ita ma ba ta sani ba. Ƙafar ta yi baƙi da dattin titi. Alhaji ya tsaya yana kallon ƙafar nan, kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

"Malam Liang zai tashi, in ji likita," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da ya kai gobe a wurin, da wani zancen ake."

"Alhamdu lillahi." Ya zauna a gefenta a hankali. "To, ki yanki tikitin. Na ji."

Sai a lokacin ta dube shi.

"Baba, ni ba Kano nake so ka tafi ba. So nake in ka faɗi, a sani."

Na'urar tana hannunta, ma'aikatan jinya sun cire ta daga wuyan Malam Liang sun ba ta. Alhaji ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa mata wuya.

Yau shagon yana nan, tsanin ne kawai Radiyya ta ba Isufu. Malam Liang ya sami tasa na'urar, tsofaffin biyu suna shan shayi kowa da kwalin ashanarsa a ƙirji. An yi wa kamfanin bayanin sujada, har matar da ke magana a ciki ta fi Isufu sanin lokacin La'asar.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba likita ba ne, ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin kowane kamfani ba. Duk ƙofar da aka fasa, duk makullin da ya ba da kunya, duk fankar da ta ƙone, ba ruwanmu. In ka bi matakan nan har ƙarshe, kai ka so. In kuma wata rana 'yarka ta ratso birni ta iso da takalmi ɗaya, kai za ka kalli ƙafar, ba mu ba.