Ƙarfe Huɗun Kawu

Ina aikin tafinta a jirgin ruwan alhazai aka ce in sauka a Yanbu, in koma wani jirgin mai tashi ranar Laraba. Na sa akwatina a ciki, na taho Madina gidan kawuna a Ƙuba.

Kawu ne ya karɓo mini saƙon kamfanin jirgin. "Ƙarfe huɗu zai tashi, ya waladi, ɗana. Ka yi sammako."

Na yi dariya. "Sammakon me, Kawu? Ku bar mana harkar teku, ku riƙe dabino."

Na karya a tsanake, na shafa turare, na isa Yanbu ƙarfe uku na yamma ina yaba wa kaina. Ruwa kawai na tarar. Ashe Kawu da agogon Larabci yake lissafi, mai farawa daga magariba. Huɗunsa goman safiya ce.

Akwatina ya tafi Bur Sudan, ni na dawo Ƙuba. Kawu dai dabino ya miƙo mini.

A nan na sami aiki, na yi aure. Har yau in na ce wa matata ƙarfe huɗu, sai ta ce, "Na Kawu ko naka, Kyaftin?"