Yadda Za Ka Tsere wa Ɗaukar Fo da Sirinjin Ruwan Gishiri

Wannan jagora ce ga ma'aikacin jinya da ya gaji da ɗaukar fo, canza zanen gado da tura mara lafiya zuwa ɗakin hoto. Idan ka bi matakan da ke ƙasa, ina ba ka tabbacin za ka wuni cikin farin kaya tsaf, kowa na yaba ƙwazonka, ba tare da ka ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba.

Makaminka ɗaya ne: sirinjin nan da ke zuwa cike da ruwan gishiri tun daga kamfani, kowanne a ledarsa. Da shi ake wanke kanula, wato 'yar robar da ake sa wa mara lafiya a jijiya don ƙarin ruwa da allura, kada jini ya daskare ya toshe ta.

An gwada hanyar. Wanda ya ƙirƙiro ta wani nas ne da abokan aikinsa ke kira Yanzu-Yanzu, domin amsarsa ke nan ga kowace aika. Ya daɗe yana cin nasara, sannan ya yi kuskure. Za mu zo kansa.

1. Zaɓi makamin da ya dace

Kada ka ɗauki na'urar awon jini. Duk gadon da ka wuce sai an miƙo maka hannu, har masu jinya da 'yan dubiya. Kada ka ɗauki fayil, domin likita zai tambaye ka abin da ke ciki. Sirinjin ruwan gishiri ba ya jawo tambaya. Ba shi da nauyi, ba ya ƙara, kuma ba sai ka zuƙo ruwan da kanka ba kamar yadda ake yi a da. Kamfani ya riga ya yi maka rabin aikin. Sauran rabin ne za mu koya maka gudunsa.

2. Gyara tafiya

Riƙe shi a hannu, daidai ƙirji, yana cikin ledarsa. Sirinjin da ke aljihu ba ya kare kowa. Ka ɗan haɗa gira, ka kafa ido a ƙarshen ɗaki, ka yi tafiyar wanda ake jira. Kada ka yi gudu. Gudu yana jawo likitoci.

3. Haddace amsa

A kowane ɗakin kwantar da marasa lafiya akwai Sista Babba, mai rabon aiki, wadda idonta ke gane mara aikin yi ko ta bayansa. Za ta kira ka.

"Kai, zo ka ɗauke fon can."

Ɗaga sirinjin kaɗan, kamar mai nuna katin shaida. "Zan wanke layi, Sista. Yanzu-yanzu."

Layi dai shi ne kanula a bakin ma'aikatan jinya. Ba za ta musa ba. Ta san kanula idan ta toshe sai an cire an nemi wata jijiyar, kuma ta san wanda zai sha faɗan likita. Fon zai koma kan wani. A ɗakin da Yanzu-Yanzu yake aiki, yakan koma kan wata nas mai saurin hannu da ake kira Guguwa, wadda ba ta taɓa yafe masa ba.

4. Kada ka taɓa ambaton gado

Nan malamin namu ya faɗi, don haka a natsu.

A gadon kusa da taga akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ƙafarta ce ta yi ciwo ya ci ciki, kuma maganinta ta jijiya kaɗai ake ba da shi. Jijiyoyinta sirara ne, masu ɓuya. An soke ta a hannu biyu har fatar ta yi baƙi kafin a sami guda ɗaya a bayan hannun hagu. Inna ta rantse a gaban 'yarta da ke jinyarta cewa idan wannan ta toshe aka sake zuwa mata da allura, gida za ta tafi. Likita kuwa ya faɗa musu ƙarara: idan ta tafi ba ta gama magani ba, ƙafar ba za ta tsira ba.

Wata safiya Yanzu-Yanzu ya ɗaga sirinjinsa kamar kullum, sai Sista Babba ta ƙara tambaya ɗaya.

"Layin wa?"

Ya waiga. Idonsa ya sauka a kan tsohuwar da ta rufe ido. "Na Inna."

Inna ba barci take yi ba. "Madalla, ɗan nan," in ji ta, ta miƙo hannu. "Zo. Tun jiya nake jin kamar an manta da hannun nan."

A lura: tsohuwar da ta rufe ido a asibiti sauraro take yi.

5. Idan an ritsa ka, ja aikin

Ba ka da mafita, sai ka yi. Amma ka tuna fon yana nan yana jira, kuma duk lokacin da ka ɓata a bakin wannan gado, lokaci ne da ba ka tare da shi.

Wanke hannu da sabulu, ciki da baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Sa safar hannu, yatsa bayan yatsa. Duba ledar ko ta huje. Karanta ranar lalacewa kamar mai karanta jarida. Ɗaga sirinjin sama ka duba ko ruwan garau yake, ka fitar da iskar da ke ciki a hankali. Sannan ka goge bakin kanular da auduga mai sifirit, ka goge da kyau, ka tsaya ya bushe da kansa. Kada ka hura masa iska. Mai hura iska gaggawa yake yi, kai kuwa ba inda za ka.

"Kai ɗan nan," in ji Inna, "wanke hannu ka zo yi ko wankan sallar idi?"

"Ƙa'ida ce, Inna."

Guguwa ta wuce da fon a hannu, ta kau da hanci gefe. "Malam, ruwan nan fa cokali biyu ne. Ba rijiya aka ce ka cika ba."

Kada ka amsa. Mai riƙe da fo ba ya tsayawa dogon musu.

6. Tura, tsaya, tura

Masu sauri kan danna ruwan gaba ɗaya su wuce, wasu ma su tsallake wankin idan aiki ya yi yawa. Kai ka tura kaɗan, ka tsaya, ka sake tura kaɗan, ka tsaya. Tsakanin turawa ka dubi fatar ko ta kumbura, ka tambayi mara lafiya ko akwai zafi. Tambaya tana jawo hira, hira kuwa tana cin lokaci. Da haka Yanzu-Yanzu ya san sunayen jikokin Inna duka, da wanda ya fi su rashin ji.

Idan ka gama, jefa sirinjin a kwandon sharar asibiti. Sirinji ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya. Wannan doka ce mai albarka, domin tana ba ka tafiya zuwa kwando, da wata tafiyar zuwa ɗakin ajiya ɗauko sabo.

7. Guji godiyar tsofaffi

Godiya ce ke kashe mai gudun aiki. Inna ta gane cewa ana wanke kanula kafin a sa magani da bayan an sa, ta kuma haddace lokutan maganinta fiye da agogon ɗakin. Da Guguwa ta nufo ta sai ta ɓoye hannu a ƙarƙashin mayafi.

"Ke 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, amma hannunki kamar ana koro ki. A kira min ɗana mai sanyin hannu."

Sai kuma ranar da ruwan ya ƙi tafiya. Yanzu-Yanzu ya haɗa sirinji, ya tura, ya ji tauri. Inna ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunta.

"Ta toshe ko?"

Ya sake gwadawa a hankali, ruwan bai motsa ba.

"Haɗa min kayana," ta ce wa 'yarta. "Na faɗa muku."

"Inna, don Allah, ƙafarki fa."

"Ƙafata ce. Haɗa kaya."

'Yar ta fara naɗe zannuwa tana share ido da gefen mayafi. Da mai ƙarfin hali ne, a nan zai danna da ƙarfi, ya fasa jijiyar. Yanzu-Yanzu bai taɓa danna komai da ƙarfi a rayuwarsa ba. Ya ɗage yatsa, ya sunkuya, ya bi robar da ido. Inna ta kwana a kan hannun, siririn bututun ya lanƙwashe a gefen filasta. Ya miƙe mata wuyan hannu, ya warware lanƙwasar, ya sake tura kaɗan. Ruwa ya wuce.

"Akwai zafi, Inna?"

"Sanyi dai," in ji ta. Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma wa ya ce ki haɗa kaya?"

Daga baya ya shaida wa abokan aiki cewa ba tausayi ba ne. Neman sabuwar jijiya a hannun Inna, in ji shi, aiki ne na zufa.

8. Ɓace kafin zagayen likitoci

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma malamin namu bai kai gare shi ba. Ranar da Inna ta karɓi allurarta ta ƙarshe, tana riƙe da hannun rigarsa likita ya iso. Ya duba ƙafa, ya ce ta yi kyau. Ya duba bayan hannun, babu kumburi, babu ja.

"Wa ke kula da wannan layin?"

"Ɗana," in ji Inna, ta ƙara damƙe rigar.

Sista Babba ta yi murmushin da ba a taɓa gani a fuskarta ba. "Daga yau, duk kanular da ke ɗakin nan taka ce, kafin magani da bayan magani. Ɗalibai kuma za su riƙa bin ka su ga yadda ake yi."

Yanzu-Yanzu ya dubi layin gadajen har ƙarshen ɗaki. Ya nemi abin da zai rage masa zafi.

"To, an ɗauke min fo ke nan, Sista?"

"A'a, zai jira ka gama. Ai yanzu-yanzu za ka gama."

Guguwa ce ta kawo masa kwalin sirinjin da kanta, ta ɗora masa a hannu biyu. Inna kuwa ta fita da ƙafafunta, 'yarta na biye da kaya. A bakin ƙofa ta tsaya ta shaida wa sabuwar mara lafiyar da ake shigowa da ita wanda za ta nema.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ciki har da yabon likita, ƙarin aiki, ɗalibai masu tambaya, da tsofaffin da za su riƙa kiran ka ɗansu a gaban jama'a. Tabbacin da aka bayar a farko ya shafi sirinjin da ke cikin ledarsa ne kawai. Idan ka yage ledar, ka ja wa kanka.