Ranar Da Na Ja Amawalin Alkasum

Ba zan taɓa mantawa da babban hutun shekarata ta farko a Agadas ba, ko da kuwa na so. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, aka turo ni daga Tasawa in koyar a lakwal, wato makarantar boko, ina saurayi, wandona ya sha guga, kaina ya cika da sani. Kafin a turo mu, wani Bature ya yi mana horo a Yamai. Ya ce lokacin hutu ne manyan yara suka fi shiga damuwa, don haka malami nagari ya riƙa leƙa su. In yaro ya daina magana, ya daina ci, yana ɓoye fuska, to zuciyarsa ba lafiya. Na haddace wannan tsaf. (Ban tambayi Baturen ko ya taɓa taka Agadas ba.)

Ɗalibin da na fi ji da shi Alkasum ne, ɗan wani mai yin sirdin raƙumi. Ga kai, ga surutu. Shekara ɗaya ta rage masa ya yi jarrabawar fita, uban kuma da ma ba da son ransa ya bar shi lakwal ba, uzuri kaɗan yake jira ya cire shi.

Wata safiya na gamu da shi a kasuwa, da rawani a ka. Yana hango ni ya ja amawali, wato bakin rawanin nan da ke rufe fuska, har ƙasan ido. Na gaishe shi, ya amsa ƙasa-ƙasa yana duban takalmana. Na saya masa dabino, ya karɓa ya jefa aljihu, ko ɗaya bai ci ba. Shiru, ƙin ci, ɓoye fuska! Hankalina ya tashi ƙwarai, amma gaskiya har da ɗan daɗi na ji, na samu majinyacina na farko.

Da la'asar na nufi gidansu da ƙwaryar fura da kinin, maganin zazzaɓi. (Me ya haɗa kinin da damuwa? Ni ma ban sani ba, shi ke nan maganin da nake da shi.) Na tarar da uban da wasu dattawa a zaure suna shan shayi, Alkasum yana gefe yana fifita gawayi.

Na ce, "Baba, ɗanku ba shi da lafiya. Bai ci, bai magana."

Ya ce, "Wane ɗan, Mushe? Wannan? Jiya shi kaɗai ya cinye akushi." (Mushe ake kiran malamin lakwal, daga Faransanci.)

Na yi murmushin masu ilimi. Na miƙa wa yaron fura, ya sunkuyar da kai. Na matsa, ya ja baya. Dattawa suna ta kallona, ni kuma na ɗauka basirata ce ta burge su. Sai na ce bari in duba harshensa, na kai hannu na ja amawalin ƙasa.

Dattawan nan duk suka ja nasu amawalin sama a tare, sai idanu kawai. Alkasum ya rufe baki da hannu biyu, ya tashi ya fice da gudu, har ya ture butar shayi. Ni kuwa ina durƙushe da kinin a hannu, ina tambaya, "Lafiya? Mi ya faru?"

Kakarsa ce ta kira ni daga bakin ƙofar ciki. Ta ce, "Ɗan nan, kai baƙo ne ko? A hutun ga aka naɗa mishi rawani, ya zama namiji. Namiji bai buɗe baki gaban manya, bai ci gabansu. Gwargwadon girmanka a idonshi, gwargwadon hawan amawalin. Girmama ka yaron yake, kai kuma ka tuɓe shi gaban ubanshi."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Uban bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, in haka ake yi wa maza a lakwal, Alkasum ya gama karatu. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na ga da hannuna na rufe wa yaron hanya.

Na yi ta zarya ina ba da haƙuri har dattawa suka gaji da ganina. A ƙarshe kakar ta shirya mana zama ni da Alkasum a bayan gida, ta ce in juya masa baya don ya iya magana. Haka na zauna ina kallon katanga kamar wanda aka yi wa horo, sai ga muryar Alkasum ta dawo. Ashe akwai abin da ke cin ransa tun ranar naɗin. Shugaban lakwal ba ya barin kowa ya shiga aji da abu a ka. In ya cire rawani ya ci mutuncin gidansu, in bai cire ba an kore shi. Ya ce, "Mushe, ba ni barci. Kuma ba wanda ya tambaye ni."

To, ka ji! Yaron yana cikin damuwa da gaske, amma duk alamun da na kama ba nata ba ne. Har yau in na tuna, kaina juyawa yake.

Na je na sha faɗa wajen shugaba, ya kira ni mai neman fitina, amma ya yarda yaron ya zauna a bencin baya da rawaninsa. Uban ma ya sauko. Da aka koma, Alkasum ya shigo aji, ya dube ni, ya ja amawali har ƙasan ido, ni kuwa na ji ƙwalla ta cika nawa idon.

Tun daga nan, in na ga yaro ya yi shiru, tambayarsa nake yi, hannuwana biyu suna cikin aljihu.