Ƙorafin Gatari

"Lafiya lau, sai dai na ga har yanzu kina nan da ranki," in ji Tobin, yana kakkaɓe ƙanƙarar da ta manne masa a takalmi. "Ni da na taho da niyyar auna falon nan in ga inda zan ajiye kekunana."

"Ka auna kabarinka tukuna, ja'iri. Ni zan binne ka, in dawo in sha kofina da zafinsa. Rufe mini ƙofa, iskar tafki na shigowa."

Haka gaisuwar Verna Lindqvist da jikanta take kowace safiyar Asabar. Shi ya kawo mata cefane daga cikin garin Duluth da ke bakin tafki a Amurka, ita kuma ta sallame shi da zagi mai tsabta, kowa ya ji daɗi. Shekarunta saba'in da tara. Talatin daga ciki a ofishin tashar jiragen ruwa ta yi su, tana lallashin kwamfutar da ta cika ɗaki guda. Ita ta fara ɗora hannun Tobin a kan madannai, yau ga shi ƙato, mai gyaran kekuna, yana mata gorin tsufa.

Amma ran nan zagin a baki kawai yake, hankalinta na wani wuri. Saura kwana goma sha ɗaya a saki Tamarak ta goma sha biyu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarta, wadda 'yan sa-kai ke haɗawa kyauta suna sabuntawa duk bayan shekara biyu. Idon Verna yana tafiya, likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye, ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Tsohuwar manhajar ninki uku kawai take ƙara girman rubutu, kuma ukun ya daina isarta. Sabuwar ta yi alkawarin ninki shida. Sai dai da Verna ta sa samfurin gwaji a kwamfutar da ke lungu, ta gano cewa daga ninki huɗu akwatin rubuta kalmar sirri ɓacewa yake, ba shiga ba fita. Ta kai ƙorafi dandalinsu na intanet da sunan ɓoye, wani mara kunya ya rufe shi har sau biyu. Dokar mutanen nan kuwa ita ce, sai mutum na biyu ya ga matsala da idonsa ya shaida kafin a taɓa ta, kuma ranar Juma'a mai zuwa da tsakar rana za a rufe ƙofar gyara. Abin da bai shiga ba sai bayan shekara biyu. Verna ta san idonta ba zai jira shekara biyu ba, kuma tsoro take ji.

"Kwana goma sha ɗaya, Kaka!" Tobin ya dire ledar cefane a tebur. "Kin ji abin da suka zuba a cikin sabuwar kuwa? Kafin ki zauna a kujera ta gama tashi."

"Haka kuka ce a ta goma sha ɗaya. Na kunna ta, na je na dafa ƙwai, na dawo na tarar tana miƙa."

"Kwamfutarki ce ta tsufa. Wannan akwatin ai da itace ake kunna shi."

"Akwatin nan ya girme ka, kuma ya fi ka aikin yi. Sai me kuma?"

"An sake zanen komai. Kusurwar tagogi duk an lanƙwasa su, santsi kamar sabulu. Ga launin duhu, ga sababbin hotunan bango."

"Mutum ɗari uku, shekara biyu, abin da suka haifa ke nan? Sun goge kusurwa? Tana wanke kwanuka?"

"Tana gane injin buga takarda da kanta, ba sai an roƙe ta ba."

"Ƙarya kake, ɗan nema! Ranar da kwamfuta ta gane injin buga takarda da kanta, ni kuma zan auri faston cocinmu."

"To ki fara ɗinkin rigar biki. Ni zan riƙe miki sanda zuwa gaban coci."

"Kai fa? Za ta samo maka mata?"

"Tana da wurin neman abu mai saurin tsiya."

"Ko ta nemi duniya da lahira ba za ta samo wadda za ta zauna da warin safarka ba. Miƙo mini madarar nan, kar ka tsaya kana haki kamar ka zo da ƙafa."

Ya miƙa mata. Ta lalubi murfin da yatsa yadda ba zai lura ba, ta zuba a kofi. Tobin ya ja kujera ya juya ta, ya zauna a kai ta baya, yana wani murmushi irin na mutumin da ke da labari a baki yana ƙaiƙayinsa.

"Na so in bari sai ranar sakin ki gani da kanki, amma na kasa. Kaka, sunana zai fito a jerin waɗanda ake yi wa godiya."

"Sunanka? Shara ka yi musu?"

"Wata huɗu ke nan ina cikin masu tace ƙorafi. Duk abin da mutane suka kawo, mu ke duba na gaske da na shirme."

Wani daɗi ya ratsa Verna har ƙafa. Yaron da ta koya wa riƙe linzamin kwamfuta! Amma da ta nuna masa gara ta haɗiye cokali.

"Lallai sun rasa mutane. To, an ba kura..." Ta katse kanta, ta kurɓi kofi. "An ba ka, dai. Allah ya tsare manhajar."

"Ba ki san wahalar aikin ba ne. Akwai mahaukata a dandalin nan. Akwai wani, wai shi Gatari. Mutumin nan ya hana ni sakat mako uku."

Kofin ya tsaya a tsakanin tebur da bakinta. Gatari dai ita ce. Ta ajiye kofin a hankali, ta gyara zama, ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Allah sarki. Me ya yi maka?"

"Wai akwatin kalmar sirri na ɓacewa. Na gwada, lafiya ƙalau. Na rubuta masa, a wajena lafiya take aiki, na rufe. Ya sake buɗewa. Na sake rufewa. Ya sake buɗewa da zagi!"

"Kai! Rashin tarbiyya. Kai kuma wane suna kake yawo da shi a can?"

"Guguwa."

"Guguwa," ta maimaita, tana ɗanɗana sunan. Mako uku tana yi wa Guguwa addu'ar da ba ta faɗuwa a coci, ashe kowace Asabar shi ke sayo mata madara. "To shi Gatarin, yaya kake ganin kamanninsa?"

"Ai na san irinsu. Wani tsohon gemu ne, mai tumbi, zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yana cin wake daga gwangwani. Na rantse ko wanka ba ya yi."

"Ko kusa. Ni ina jin kyakkyawa ne, mai tsabta, mai ilimi."

"Ilimi? Kin san abin da ya rubuta mini a gaban jama'a? Wai wanda ya rufe ƙorafin nan da ƙafa yake danna linzami..."

"Kuma ƙafar ma ta hagu."

Bakin Tobin ya tsaya a buɗe. Ya dube ta, ya dubi kwamfutar lungu, ya sake dubanta.

"A'a."

"E."

"Kaka, a'a!"

"Tsohon gemu na gaishe ka. Akwai sauran wake a gwangwani in kana so."

Tobin ya kifa kai a bayan kujera yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Verna ma ta kasa riƙewa, ta saki tata, irin mai sa ta tari.

"Ke ce kika ce a mayar da ni makarantar renon yara?"

"Na ce in za su karɓe ka."

"Ke ce kika ce kakannina za su ji kunya?"

"To ƙarya na yi? Ga ni, ina ji."

"Amma fa gaskiyata ce!" Ya ɗago yana share hawaye. "A wajena lafiya take aiki. Sau uku na gwada."

"A ninki nawa?"

"Biyu."

"Ni nawa na rubuta?"

"Huɗu. To ai na zaci zuzutawa ce irin ta masu ƙorafi. Wane mai hankali ne zai kai rubutu ninki huɗu? Kalma uku fa ke cika allo. Wa ke buƙatar wannan?"

"Ni."

Dariyar ta ɗauke. Verna ba ta so abin ya fito haka tsirara ba, amma ya riga ya fito, sai ta ƙarasa. Ta gaya masa abin da likita ya ce. Ta gaya masa tun bazara tsakiyar duk abin da ta kalla ke dushewa, cewa yanzu haka da muryarsa da faɗin kafaɗarsa take gane shi. Wasiƙar da take rubuta wa ƙanwarta kowace Lahadi, da jaridar ƙungiyar masu lambu da take haɗawa shekara ashirin, ba ta son ranar da za a zaunar da wani ya karanta mata su. Kunya da tausayi suka haɗu suka sauya wa Tobin fuska.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka sau uku. Ka rufe biyu."

"Kaka..."

"Kar ka soma yi mini wannan muryar ta gaisuwar mutuwa. Idona ne ya gaji da ganin munin fuskarka, shi ke nan. Tashi, Guguwa, ga kujera can. Je ka ga aikinka."

Ya tashi ba musu. Ya kunna kwamfutar lungu, ya shiga, ya kai rubutun ninki huɗu, ya kulle allon kamar yadda ta umarce shi. Akwatin kalmar sirri ya ce ga garinku nan. Ya danna wannan, ya danna wancan, ya jijjiga linzami, ya buga madannai. Babu.

"Ina ya tafi?"

"Tambayi ƙafarka ta hagu."

"Ya faɗa ƙasan allo ne, kuma ba ya karɓar rubutu. Kai, wannan ai babba ne! Duk mai raunin ido da ya sa sabuwar nan an kulle shi a waje ke nan."

"Sannu da zuwa. Mun daɗe da isowa."

"Gyaran ba zai yi wuya ba fa, in masu gyara suka gani. Shaida kawai suke jira."

"To ga shaida zaune yana surutu."

Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ya mayar da rubutun ƙanana don ya samu shiga, ya buɗe dandalin. Yatsunsa suka yi ta gudu a kan madannai. Verna na tsaye a bayansa, hannu ɗaya a kafaɗarsa, wai don kar ya gudu.

"Na gama. Bari in karanta miki."

"Kul! Kai shi ninki shida, ka matsa. Ni zan karanta abina."

Ya kai shi shida, ya ba ta kujera. Haruffa suka tashi manya-manya, baƙi a kan fari, kowanne da gefensa tsaf. Rabon da ta ga rubutu haka garau tun bara. Ta ja linzami a hankali tana karantawa da ƙarfi, kalma biyu-biyu, tana jan kowacce don ta daɗe a baki.

"Na tabbatar... da matsalar... Gatari ne... da gaskiya... Ni ne... na yi... ganganci." Ta waiwayo. "Wannan wurin ya yi daɗi. Bari in sake." Ta sake, har sau biyu, sannan ta ci gaba. "Don Allah... a gyara... kafin Juma'a... Kakata ce."

Ta nuna allon da yatsa.

"Goge na ƙarshen."

"Don me? Ai zai sa su yi sauri."

"Ba alfarma na zo nema ba. Ƙorafina daidai yake ko da ba ni da jika, kuma masu irin idona da yawa ba su da shi. Goge."

Tobin ya dube ta na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta ya goge kalmomin biyu, ya aika. Alamar da ke gefen ƙorafin ta sauya, Verna ta matso da fuska ta karanta da kanta: an tabbatar.

"Na sallama," in ji shi, yana ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "Kin ci, tsohuwa. Gatari ya sare ni."

"Da ma can ba wani itacen kirki ba ne kai. Buɗe tanda, akwai kek ɗin tuffa. Yanki rabi."

"Rabi guda? Ni?"

"Ladan shaida ne, kar ka saba. Ci ka ƙoshi, ka dawo nan ka zauna. Akwai ƙorafin mutum goma sha ɗaya da ka rufe a watan nan, duk na bi na karanta. Ɗaya bayan ɗaya za mu buɗe su."