Susa a Danfon Ikorodu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai amarya Ikorodu ba, ko da haƙorana sun zube.

Ni dai Allah ya jarrabe ni da ƙaiƙayin hannu, shekara da shekaru. Babu ƙurji, babu tabo, sai susa kamar mai kaɗa garaya. Likita ya ba ni man shafawa da wata 'yar ƙwaya, ya ce da dare kawai zan sha. To ranar nan sai na ji Hajiya, mahaifiyar Nura da ke neman aurena, danfonmu za ta shiga, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Na watsa ƙwayar a baki da rana tsaka (wai don kada in yi susa a gabanta, ta ce ɗanta ya kwaso mai ƙazwa).

Tun daga Agege aka cusa mu, duk cikin anko, kafaɗata manne da ta Hajiya. Ba mu yi nisa ba wata ƙawata mai bakin tsiya ta fasa ƙwai, ta ce ina fama da ƙaiƙayi. Hajiya ta ce ai abu mai sauƙi, akwai wani mai allura a Ajegunle, ba likita ba ne, amma in ya tsira maka ruwansa a fata shi ke nan, ita ma a wurinsa ta rabu da nata. Maimakon in sunkuyar da kai irin na 'yar mutunci, sai bakina ya buɗe. Na ce wa ya san abin da ke cikin sirinjin? Maganin asibiti kuwa ba ya yi wa mutum komai.

A gosulon Ketu ƙwaya ta fara aikinta. Ihun kwandasta ya koma can nesa, danfo ya zama kwalekwale yana lilo da ni a kan ruwa. Ga ni amarya, ga ƙamshin turare, ga Nura yana murmushi. Ina ta susa a hankali, kuma wallahi ko ɗigon ƙaiƙayi ban ji ba. Na ce Alhamdulillahi, na warke.

Dariyar mata ce ta tashe ni. Kaina a kafaɗar Hajiya, yawuna a mayafinta, farcena yana ta aiki a hannunta. Kunya ta kashe ni, na ce shi ke nan, ni da Nura sai a lahira.

Na fara janye hannu, sai ta riƙe shi, ta matsar da shi sama kaɗan, ta raɗa min: "Nan ne wurin, 'yar nan. Allurar ma ba ta tsinana min komai ba."

Yau likitanmu ɗaya da surukata. Na koyi barin yabon magani sai na sauka daga mota. Har gobe kuwa, in na je gaishe ta, kafin in gama durƙusawa ta miƙo hannu.