Ranar da Na Kasa Kashe Famfon Kawu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a fadamar Kawu Garba a Shagari, gumi na bin ƙeyata, ina kallon kwamfutata kamar yau muka fara haɗuwa ba.

Lokacin fetur ya gagari talaka, manoman albasa suna ta komawa famfo mai aiki da hasken rana. Ni kuma ga ni zaune a Bodinga da takardar karatun kwamfuta, ba aiki. Sai na rubuta ɗan kundin umarni da masu haɗa manhaja za su riƙa saita famfunan da shi: yaushe ruwa zai zo, da wane ƙarfi, yaushe zai tsaya.

Aikin ya yi kyau, ban da sunayen. Duk umarnin da na rubuta, sunan ƙauyen da na fara gwada shi nake ba shi. Akwai lambara, akwai kajiji, akwai horo_birni. Da ƙauyuka suka ƙare mini sai na koma gyara, gyara_biyu, da gyara_na_gaskiya (har yau ban san laifin da biyun farko suka yi ba). A ganina wannan basira ce.

Ƙungiyar manoma ta ce za ta ɗauki kundin, amma sai wata Injiniya Hadiza ta duba shi. Kawu, wanda ya tsaya mini gaban dattawa, ya ce a gwada a kan irin albasarsa da ya yafa a kwami takwas, wanda bai fi mako biyu da tsirowa ba. Da shi zai dasa gonar bana duka.

Ranar gwajin, aka kunna famfo daga tsohuwar rijiyar da aka haƙa tun Jamhuriya ta Biyu. Ruwa ya zo a hankali, dattawa suna gyaɗa kai, ni har na fara gyara hula. Da ƙasa ta sha, Injiniya ta duba jerin sunayen ta ce, "To Malam, wanne ne ke tsayar da ruwan?"

Wallahi kaina ya zama fanko. Wata huɗu rabona da wannan sashen. Na tuna dai a Kajiji an taɓa yin rigima kan ruwa, don haka na ce, da muryar masana, "Kajiji."

Ta danna. Ashe rigimar Kajiji ta ƙarancin ruwa ce, umarnin kuma na ƙure ƙarfin famfo ne. Tiyo ya yi tsalle, ruwa ya fara kwashe ƙasa da tsiron gaba ɗaya.

"Kai yaro, mi kaka yi?" in ji Kawu. "Kashe shi! Irina ka tahiya!"

Na karɓi kwamfutar na gwada lambara. Kwamfutar ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na gwada gyara_na_gaskiya, ba abin da ya gyaru. Kawu ya tattare riga, ya faɗa cikin taɓo, ya fizge wayar famfon da hannunsa. Kwami uku sun tafi.

Wani dattijo ya tambaya a hankali, "Wai ba shi na ya rubuta abin ba?"

"Shi na," in ji Kawu, bai ko dube ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Injiniya ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce in sake sunayen, in karanta wa Kawu, duk wanda bai gane ba a canza. Haka aka samu kunna_ruwa, kashe_ruwa, saita_lokaci, saita_ƙarfi, duk ƙira ɗaya.

Kwana tara na yi a duƙe ina taya Kawu sake yafa iri, kuma a nan na koyi darasina da ciwon baya: sunan da kai kaɗai ka gane, ranar da kawunka ke ihu a kanka, kai ma ba za ka gane shi ba.