Sinariyo Na Uku

Shekarar da hukumar En'e ta tura ni kwas ɗin malaman gona, na dawo Ɓaɓura da wata kalmar Turanci da nake ji da ita kamar sabon keke: sinariyo. Wato kafin abu ya faru, ka jero duk yadda zai iya kasancewa, daga mai daɗi har mafi muni. Na gwada ta a kan damina, mutane suka jinjina kai. Nan fa kaina ya fasu.

Ana nan zazzaɓi ya kwantar da surukina a Kanya Babba, na je dubiya. Na durƙusa na gaishe shi, ɗaki cike da dattawa.

Ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, ya ka ga jikin nan nawa?"

Ko yaro ya san amsa: da sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Ni kuwa sai na gyara zama, na ɗaga yatsu.

"Baba, sinariyo uku ne. Na farko, ka warke. Na biyu, ka daɗe a kwance. Na uku kuwa..."

Daga bayan labule na ji ludayi ya kuɓuce wa surukata. Liman ya ɗauki salati. Da na ga an yi tsit, sai na ɗauka ba a gane ba ne, na shiga bayanin na ukun dalla-dalla.

Baba ya warke sarai. Har yau ko yaran gidan surukina "Malam Na'uku" suke ce mini. In na ce, "Baba, ya jiki?" sai ya dubi jama'a ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, har yanzu muna kan na farkon."